Moɗa Ɗaya ta Ruwan Kwara

Shekara goma sha biyu ke nan da aka zura kogin Kwara cikin bututu. A Yawuri yanzu sai dai ka kara kunne ka ji wucewarsa.

Baba Gado, tsohon masunci, yana kwance rai a hannun Allah, ya ce ruwan kogi yake so ya kurɓa. 'Yarsa Kulu ta ɗauki moɗa ta tafi wurin mai gadin bututun.

"Baiwar Allah, ni ma ban taɓa ganin ruwan ba," in ji mai gadin. "Babu inda ake buɗewa sai Lakwaja."

Ta goge raɓar jikin bututun da bakin mayafinta, ta dawo ta matse wa Baba Gado a baki.

Ya tsotsa.

"Kulu, wannan ai ƙarfe ne."