Ramin Guba da Moɗar Mai Haƙa Rijiya

Ka ce hukuma ta aike ka neman wurin da za a binne sharar nan mai guba, wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, kuma ba ta mutuwa har zamanin tattaɓa-kunne. Kun auna, kun zana, wuri ya yi, amma mutanen ƙauyen sun tumɓuke turakunku sun rako ku da jifa. To, Injiniya, gyara zama. Karatunka ya fi nawa, amma na riga ka ganin irin wannan.

An yi wani gari da aka sami zinariya a bayansa. Mutane suka riƙa kwaso dutsen suna dakawa a tsakar gida, ashe ƙurar da gubar dalma a cikinta. Yara suka fara mutuwa. Ma'aikatan lafiya suka ce a kankare ƙasar kowane gida a binne ta kafin damina, in ba haka ba ruwan farko zai wanke ta cikin rijiyoyi. Aka kankare, aka tara tsibi-tsibi a ƙofar gidaje. Kowa ya yarda a binne, ba wanda ya yarda a binne kusa da shi. Aka danƙa aikin ga wani tsohon mai haƙa rijiya, wanda ya shekara arba'in yana shiga cikin ƙasar garin. Ya san wuri ɗaya ne tak ya dace, bayan unguwar magina tukwane, inda yumɓu ya yi kauri gaba uku, ruwa ba ya ratsa shi. Da yake ya san yana da gaskiya, bai ga dalilin ɓata yawunsa ba. Ya kafa turaku ya kama haƙa. A nan ya yi wauta, irin wautar masana. Da hantsi matan unguwar suka fito da ƙwarya da faranti, suka mayar masa da ƙasarsa cikin rami yana tsaye yana kallo. Ya sake haƙawa, suka sake cikewa. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma mutum ne da ba ya barin rijiya bai ga ruwa ba. Ya ajiye diga, ya tafi ya durƙusa gaban babbar maginiyar unguwar. Tsohuwar ba ta ko ɗaga kai daga tukunyar da take ginawa ba, ta ce, "Malam, ba mu ce kai maƙaryaci ne ba. Amma gidanka yana gabas, ramin ka kawo mana yamma."

Bai rantse ba, bai kuma kai ƙara wurin dagaci ba. Ya roƙi a bar shi ya haƙa ɗan ramin gwaji, ya zura tsani, matan suka sauka ɗaya bayan ɗaya suna murza bangon da yatsa. Ya sa aka cika ramin da ruwa aka rufe, suka ɗora nasu dutsen alama a kai. Bayan kwana uku ruwan yana nan. Amma tsohuwar ta nuna masa wata jijiyar yashi ta gefen kudu da shi bai lura da ita ba, don ai yumɓu sana'arsu ce. Ya haɗiye kunyarsa, ya matsar da turakunsa zuwa inda ta ce. Suka tambaye shi ko zai rantse ramin ba zai taɓa yoyo ba. Ya ce wannan sai Allah, shi ba zai rantse a kan abin da bai sani ba.

Masu haƙa rijiya a ƙasar suna da wata al'ada: duk wanda ya haƙa, shi zai sha moɗar farko a gaban jama'a kafin kowa ya zura guga. Tsohon ya ɗauki al'adar nan ya ƙara mata nauyi. Ya haƙa sabuwar rijiya a gangare, tsakanin ramin guba da unguwar, ya tashi daga gidansa na gabas ya kafa bukka a bakinta. Ya ce daga ranar ba shi da ruwan sha sai nata, in ramin ya yi yoyo cikinsa ne zai fara sani, kuma duk shekara ma'aikatan lafiya su gwada ruwan a gaban matan. Washegari waɗanda suka cike masa rami su suka taya shi haƙa sabon ramin, suka zo da madaɓai suka daɓe bangonsa da yumɓunsu. Aka kwashe tsibin nan kaf, aka zuba a ramin, aka rufe. Kwana biyu tsakani ruwan farko ya sauka. Tsohon ya ƙara shekara goma sha tara yana shan moɗarsa kowace safiya a idon unguwa, har ya rasu da tsufansa.

To, kai ma koma. In sun sake jifanka, sake komawa. Buɗe musu ramin su shiga, inda suka fi ka sani ka gyara, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Sa'an nan ka tambayi kanka ko za ka iya kai iyalinka su sha ruwan wurin. In ba za ka iya ba, kada ka sake kai musu takardar hukuma. Sun ji abin da ka ce, saura su gani, don Hausawa sun ce gani ya kori ji.