Kek Mai Lamba Tara

Marlys ta dire tukunyar taliya da kifin gwangwani a kan teburin Orval, kamar yadda take yi kullum tun da aka binne yayarta Verna a watan Mayu. Tucker, karen gidan, ya taso da kyar yana kaɗa wutsiya. Wata huɗun nan ya yi ƙiba har ba ya iya tsallake matakala biyu.

"Mijin Yaya, ka cinye na jiya?"

"Tas aka lashe kwanon, ƙanwata."

"To sa hannu a nan."

Takardun gidan tsofaffi ne na can ƙasan kwari. Marlys ta rantse sai ta sauko da shi kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Larkin Pass. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, wanda bai san komai ba sai tuƙa motar share ƙanƙara, ta yaya zai ci da kansa cikin hunturu? Ita kuwa gwiwarta ba za ta ɗauki hawa tudun nan kullum ba.

Orval ya ture takardun da ɗan yatsa. Bakin farcensa ya yi shuni.

"Me ya sami hannunka?"

"Fenti. Ki bari a gama bikin Asabar."

A garinmu, da zarar masu yawon buɗe ido sun tattara kekunansu da tantunansu sun tafi, kafin masu zamiya a kan ƙanƙara su iso, sai mu yi bikinmu mu kaɗai a gindin dutse. A nan ake gasar kek ɗin hakulberi, 'ya'yan dajin nan da ba sa yarda a shuka su. Kowane gida da inda yake tsinko nasa, kuma ba a faɗa. Mutum zai ara maka motarsa, ya ba ka makullin gidansa, amma ka tambaye shi inda yake tsinka, sai ya nuna maka dutsen da ba shi ba.

Shekara talatin da ɗaya Verna tana cin gasar, Marlys tana bi mata. Abin ya daɗe yana ci wa Marlys rai, don suna 'yan mata ko ƙwai Verna ta dafa sai ya ƙone. Aure ne ya gyara mata hannu, in ji mutane. Kowace shekara sai ta karɓi kyautar, ta juyo ta kashe wa ƙanwarta ido.

Bana babu mai kashe mata ido. Marlys ta san za ta ci, kuma ko kaɗan ba ta jin daɗin sanin.

Duk makon nan tana hango Orval ta tagarta da sassafe, yana hawa turbar daji da tsohon bokitin Verna, Tucker na nishi a bayansa. Kewa ce, ta ce a ranta. Wata rana zai zame a can sama, babu mai gani. Ta ƙara cusa takardun cikin jaka.

Ranar Asabar aka jera kek goma sha biyu, kowane da lamba, babu suna. Marlys tana isa na tara ta tsaya cak. An datse gefensa da bayan cokali, an yanka hoton ɗan icce a tsakiya. Hannun Verna sak.

Ta gutsura. Ɗan tsamin nan, da ƙamshin ɓawon lemo da ta yi shekaru tana nema ba ta dace ba. Sai da ta juya wa mutane baya ta share ido.

Da farko ta ɗauka tsohon kek ne aka ciro daga firiza. Amma 'ya'yan na bana ne, harshenta ba ya yi mata ƙarya. Ke nan Verna ta ba wata sirrin, ta tsallake ƙanwarta ciki ɗaya. Kuma wannan matar tana da wanda ke tsinko mata. Marlys ta tuna bokitin. Ta tuna farcen. Ta tuna cewa tsohon nan ko rama bai yi ba.

Alƙalai suka sanar: lamba tara ta ɗaya, lamba huɗu ta biyu. Huɗun na Marlys ne. Babu macen da ta fito karɓar kyauta.

Ta sami Orval a kan benci yana naɗe hannun riga, tsofaffin tabon ƙunar nan a jere a wuyan hannunsa, waɗanda kullum yake cewa injin mota ne.

"Wata huɗu kacal, Orval! Ko ciyawa ba ta rufe kabarin ba. Wace ce? Doreen mai wankin kai ce, ko?"

"Zauna, ƙanwata, gwiwarki."

"Ba zan zauna ba! Ina ta fama da tudu da tukunya, ashe akwai mai dafa maka!"

"Akwai kam."

Ya miƙa hannu cikin jakarta ya zaro takardun gidan tsofaffin, ya shimfiɗa su a cinyarta, ya ɗora mata yankan kek a kai. Ruwan shuni ya bi layin sa hannun ya shanye shi.

"Shekarar farko kunyar abokan aiki ce ta sa na ce Verna ta kai kek ɗin da na gasa da sunanta. Daga baya na so in faɗa, ta hana, wai ba abin da ke mata daɗi a duniya kamar kallon fuskarki ranar biki." Ya kashe mata ido. "Yayarki ta koma ga Allah ba ta san inda ake kunna obin ɗin gashin gidanmu ba, Marlys. Ni kike bi wa tun shekara talatin da ɗaya, taliyarki kuma ki tambayi Tucker."