Ƙyallen Kowane Gida

Allura ta sake karyewa a jikin yadi mai kauri. Gwaggo tela ta ja tsaki, ta zaro wata daga bakin ɗankwalinta. Yatsunta duk sun tsattsage, har zare na maƙalewa a cikinsu, kuma ba mai ce mata sannu. Maigida ya rasu, 'ya'ya sun yi nisa, waya ma sai sun tuna.

Abin da ya rage mata shi ne tafkin da ke bayan tagarta. Can take zama da yamma tana yi wa balbelu hira, su kuwa ba su taɓa cewa ta cika surutu ba. To, shi ne hukuma ta ce za ta cike shi a yi tashar manyan motoci, tunda ya riga ya zama juji.

Da ta kai kuka ofis, jami'in ya saurare ta yana satar kallon agogo.

"Gwaggo, ke kaɗai ce fa kike wannan magana. Ki nuna mana mutanen unguwa sun damu da ruwan nan, sai mu sake dubawa."

Ba ta iya jawabi ba, ɗinki ta iya. Sai ta ƙudura za ta haɗa ƙaton bargo: tafki a tsakiya da shuɗin yadi, gidajen unguwa kewaye da shi, kowane gida da ƙyallen mutanensa. Ta bi ƙofa ƙofa tana roƙon tsumma. Matar direba ta ce ta dawo gobe. Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun da kayan kanti suka yi araha aka daina kawo mata ɗinki, gaisuwa ma ta koma ɗaga hannu daga nesa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Amma Gwaggo akwai naci. Kullum da safe sai ta fita da buhu, tana dogara doguwar sandar marigayi mai ƙugiya a baki, ta dawo takalmanta sun yi nauyi. Ƙyallaye suka soma taruwa. Kowanne sai ta dafa shi, ta wanke, ta sake wankewa, har maƙwabta suka ce tsafta ta zame wa tsohuwa ciwo. Tari ya kama ta, ba ta fasa ba. Wani lokaci takan ɗaga ƙyalle ta gane ɗinkin hannunta na da, ta tuna wanda ta gwada wa, ta faɗa wa ɗakin sunansa.

Ranar da hukuma ta kira taro, zauren ya cika. Yawanci sun zo ne su ji yaushe tasha za ta buɗe. Gwaggo ta shigo a ƙarshe, bargo naɗe a ka, ta warware shi a kan dogon teburi ita kaɗai.

Surutu ya ɗauke. Ga tafki, ga balbelu da farin zare, ga layin gidaje kowanne a mazauninsa.

"La! Wannan ai zanen mahaifiyata ne!" in ji matar direba, ta dafa shi, idonta ya ciko.

Mai shago ya hango rigar da 'yarsa ta fara zuwa makaranta da ita. Ya dubi matarsa, yana zaton ita ta bayar a ɓoye. Ita ma irin kallon take yi masa. Haka aka yi ta nuni da yatsa, kowa ya ga nasa, kowa ya ɗauka wani ne a gidan ya riga shi kirki.

Jami'in ya gyara tabarau. "Gwaggo, da gaske duk gidajen nan suna ciki?"

"Ranka ya daɗe, ga su nan. Tambaye su."

Ya ce wanda ke son a bar tafki ya ɗaga hannu. Wa zai yarda a ce gidansa na jikin bargo, shi kuma hannunsa na ƙasa? Har mai shago sai da ya ɗaga. Aka dakatar da cikewa, aka sa ranar yashe ruwan.

A bakin ƙofa matar direba ta riƙo ta.

"Gwaggo, don Allah wa ya ba ki zanen nan? Ni dai na san tun bara na…"

Ta haɗiye sauran. Hannunta ya sauka daga kafaɗar tsohuwar.

Gwaggo ta yi tari, ta ce Allah ya ba mu alheri, ta kama hanyar gida ba ɗan rakiya. Ta jingine sandar a bayan ƙofa, busasshiyar laka na zuba daga ƙugiyar, ta buɗe taga ta gaya wa balbelu an bar musu ruwansu.

Duk unguwar ba ƙofar da ta miƙo mata ko zare. Kowane ƙyalle da ƙugiyar nan ta tsamo shi daga cikin tafkin, inda masu shi suka watsar.