Maɓalli Na Uku

Na dawo garinmu Osaka, a Japan, daga karatu na tarar da waƙar wani tsohon ɗan ajinmu a kowane kanti, jita na kururuwa, yana kukan yarinyar da ta jefa masa maɓallinsa ranar gama sakandare. Ni ce yarinyar.

Na iske shi yana gwajin kiɗa da abokansa.

Na ce, "Sakarai, maɓalli na biyu na rigar makaranta ake ba masoyiya, na kusa da zuciya. Kai na uku ka ba ni, na abota."

"Na uku? Kai! Ashe ban ƙirga daidai ba ranar."

"Shekara bakwai kana ɓata min suna."

Ya shafa ƙirjinsa, singileti ce a jikinsa, babu maɓalli. Sai ya cafki rigar mai ganga.

"Tsaya cak, malam."

Ya fara ƙirga maɓallan daga wuya, da ƙarfi.