Sandar da Likitan Ido Yake Tsoro

Ka tambaye ni, Injiniya, cikin sanduna goma sha huɗun nan da ka sayo, wacce ce ta fi muhimmanci a wasan golf. Masu sayarwa za su ce maka doguwar nan mai ƙaton kai, direba. Ba mamaki, ita ce mai tsada. Ni dai ba na rantsuwa a kan sanda, amma ka ji labarin wani likita, sai ka yanke wa kanka hukunci.

Likitan ido ne, a wani gari da filin wasansu ba ciyawa a bakin rami, sai rairayi da ake cuɗawa da baƙin mai, a daɓe, a share shi sumul kafin kowa ya buga. Shekara talatin yana cire wa mutane yanar ido, har ana cewa ko ƙuda ya sauka a hannunsa ba ya motsi. A fili kuwa in ya saki direba, ƙwallon sai ta tsallake kukar da ke tsakiya, masu kallo su riƙe baki. Wata safiya ya ɗaga kofin shayi, ya ji cokali yana ƙara a ciki, ba kuwa shi ya kaɗa ba. Ya ajiye kofin, ya dubi hannunsa na dama kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Ko matarsa bai gaya wa ba. A ɗakin tiyata ya koyi kafa ƙaramin yatsansa a goshin majiyyaci, ya riƙe numfashi, yana addu'ar kada wuƙar ta yi abin da cokali ya yi. Duk idon da ya gama sai ya fito rigarsa sharkaf, ma'aikata su ce zafin gari ne.

Direba ba ta tona shi ba, don bugun ƙarfi yana haɗiye rawar hannu. Wadda yake tsoro ita ce 'yar gajeriyar nan, fota, da ake tura ƙwallo cikin rami da ita, inda ake son hannu ya tafi a hankali kamar na mai zura zare a allura. Sai dai wasan yana da wata al'ada ta mutunci. In ƙwallonka ta tsaya dab da rami, abokan wasa kan ce, "Ɗauka, mun ba ka," a ƙirga ta kamar ta shiga ba tare da ka buga ba. Likita babban mutum ne, rabin dattawan kulob ɗin da aikin hannunsa suke gani, saboda haka taki biyu ma ba shi ake yi, wani lokaci har taku guda. Ya shekara cur bai buga ta kusa ba.

Sai ranar gasar shekara ta zo, ranar da ba kyauta, kowace ƙwallo sai ta faɗa rami. Ya so ya zille, amma kofin bara yana falonsa, ƙin zuwan ma abin magana ne. Aka haɗa shi da wani tsohon alƙali, wanda shi likitan zai yi wa aikin idon hagu ranar Litinin mai zuwa. Alƙali da ido ɗaya yake gani, amma idon ya daɗe yana kallon hannuwan shaidu.

A ramin farko direba ta yi abin da ta saba. Bugu na biyu ya fi kyau, ƙwallon ta sauka ta gangara, ta tsaya taki ɗaya daga rami. Mutane suka yi ta tafi. Ina jin likitan nan ne mutum na farko a filin nan da ya yi fatan da ma ƙwallonsa ta faɗa daji. Ya saci kallon alƙali ko za a ce "ɗauka". Alƙali mutumin doka ne, ya harɗe hannu a baya. Likita ya sunkuya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Kafin ya buga, bakin sandar ya shiga sassarar rairayin da aka share, ya bar zane-zane kamar sawun tsuntsu. Da ya buga, hannun ya fizge, ƙwallon ta wuce. Sai a karo na uku ta shiga.

Alƙali ya matso, ya karkata kai, ya daɗe yana duban zanen nan da idonsa mai kyau. Sannan ya ce a hankali, "Likita, ina ganin yanar nan tawa ba ta gama nuna ba. A bar ta ta ƙara kwana biyu."

Likita ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ta nuna. Wani ne dai zai cire."

Ranar Litinin wata likita da shi ya koya wa aiki ita ta riƙe wuƙar, shi yana zaune a gefe, hannayensa a cikin aljihu. Idanu nawa ya taɓa a waccan shekarar yana riƙe da numfashi, ban sani ba, ban kuma so a gaya mini.

To, Injiniya, ka ji. Direba tana gaya wa mutane abin da kake so su sani game da kai. Gajeriyar kuwa ba ta iya rufa asiri, abokai ne ke rufa maka, su ma ba kullum ba. Hausawa sun riga mu faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.