Tattaki Don Lafiya

Wani akawu na tsaye bakin titi yana sharce gumi, 'yar jaridar wata tashar talabijin ta miƙo masa makirufo.

"Baba, me ya sa ka zaɓi zuwa aiki a ƙasa?"

Zaɓi? Tun da kuɗin mota ya gagare shi yake wannan tattaki. Kuma shi ne kullum ke yi wa talabijin tsaki idan an nuno masu cin miyar da babu mai, suna murmushi: "An yi wa yunwa kwalliya, wai tsimi!" Yau zai fasa ƙwai. Sai ya tuna surukansa na kallon tashar.

Ya gyara wuyan riga, ya washe baki. "Don lafiya ne, 'yata. Ni ko kyauta aka ba ni babur, ba na so."

Matarsa ta gan shi a labarai, ta yi dariya har da hawaye. "Sannu, sarkin tsimi."

Washegari manaja ya kama hannunsa. "Ka burge ni. Babur ɗin da ofis ya ware maka, na ba masinja. Ba zan shiga tsakaninka da lafiyarka ba."

Akawu ya ji bakin nan nasa ya sake washewa. "Na gode, yallaɓai."