Wadda Aka Rufe Wa Baki

Sau biyu Mama ta tsaya a kan matakala tana mayar da numfashi, kular abinci a hannunta. Ta ɗora laifin a kan takalmi.

Sati uku ke nan kullum sai ta kawo wa 'yarta Auta abincin rana a ɗakin binciken da ke bayan asibiti. Shekara biyu Auta ta yi a kan aiki guda, sankarar jini. Shugabanta ya riga ya faɗa mata: idan gwajin nan bai nuna komai ba, za a naɗe aikin a ajiye.

Ranar da Mama ta fara zuwa, Auta ta yi mata bayani daidai fahimtarta. A cikin ƙwayoyin sankarar akwai wata ƙwayar gado mai shegen surutu, ita ce ke ba da umarni: ku hayayyafa, ku bazu. Su kuma sun samo dabarar rufe mata baki. An raba ƙwayoyin a faranti biyu, ɗaya an rufe bakin, ɗaya an bar ta tana zuba. Sai a jira a ga bambanci.

"Jinin na wane ne?" Mama ta tambaya.

"Ai mu ba a ba mu suna, lamba kawai. Wannan ashirin da bakwai ne."

Mama ta gyara zama ta karkata gefe ɗaya. Tun daga ranar ba ta taɓa fashin zuwa ba.

"Wallahi Mama kin fi shugabana matsa min," in ji Auta jiya. "Ko dai in nema miki farar riga ne?"

Yau za a ƙirga ƙwayoyin. Mama ta zauna a bencin ƙofa, ta tashi, ta leƙa ta gilashi. Bayan Auta kawai take gani, ta duƙa a kan na'ura. Ta koma ta zauna. Ta buɗe jaka, ta taɓa wani abu a ciki, ta zuge. Wata nas ta zo wucewa, ta ja birki.

"A'a, Mama! Ba yau ne..."

"Sannu da aiki," Mama ta tare ta, ta kawar da kai. Nas ɗin ta dubi ƙofar gilashin, ta wuce.

Sai wajen ƙarfe biyu Auta ta fito tana cire safar hannu, ta turo wa Mama waya har kusa da hanci, da hoton farantan biyu a kai.

"Kalli! Wannan ya cika maƙil, ba masaka tsinke. Wanda muka rufe wa baki kuwa ko rabi bai kai ba. Mun zuba su a kan 'yar rariya mu ga masu tsallakawa, su ma 'yan tsiraru ne. Ba sa girma, Mama, ba sa bazuwa!"

Mama ta ƙura wa ɗige-ɗigen ido kamar mai neman fuskar wani.

"To yaushe za a ba mai jinin maganin?"

Dariyar Auta ta tsaya.

"Haba Mama, a faranti ne fa. Sai an gwada a kan ɓeraye tukuna, sannan a zo kan mutane. Shekaru ne. Mai lambar nan, Allah kaɗai ya san ko zai ga lokacin."

"Amma aikinki ba za a ajiye ba?"

"Ba za a ajiye ba."

"To alhamdu lillahi. Ci abincinki kada ya huce."

Auta ta riƙo hannunta don murna, sai idonta ya sauka a kan wani baƙin tabo a damtse.

"Wannan fa?"

"Ƙofar kicin ce, sai ka ce da ni take gaba," Mama ta ce, ta ja mayafi ta rufe.

Da ta sauko ba ta nufi ƙofar fita ba. Ta bi dogon barandan hagu ba tare da ta tambayi kowa hanya ba, har sashen masu ciwon jini. Nas ɗin nan tana jiranta da allura a tire.

"Har yanzu ba ki faɗa mata ba?"

Mama ta ɗora yatsa a kan leɓenta. Ta ciro katin asibiti daga jaka, sai wata takarda ta zame daga cikinsa ta faɗi ƙasa: wadda ta sa wa hannu ranar da aka zuƙi ɓargo a ƙugunta, da lamba ashirin da bakwai rubuce a samanta.